Kakar Harawa a Gidan Waya

A farkon watan Nuwamba muka bar Kaduna, muka bi ta Kachia da Zonkwa, rana na shirin faɗuwa muka shiga Kafanchan, tsohuwar mahaɗar jiragen ƙasa. Washegari na hau motar haya da ke bi ta gindin duwatsun Kagoro zuwa Gidan Waya, a ƙaramar hukumar Jama'a. Galibin masu zuwa garin Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna ce ke kawo su. Ni kuwa gidan iyayen wani abokin aikina na nufa, a wani ƙauye da sai an hau acaɓa an ratsa gonaki kafin a kai.

Na same su cikin aikin gyaɗa. Gonar ba wata babba ba ce, amma babu abin da ba a shuka a cikinta: masara, dawa, wake, doya a gefen fadama, da ɗan fegin acca da aka riga aka yanke. Akwai kuma wani yanki da aka bari ciyawa ta cinye. Nan ne wurin citta, kafin cutar da ta auka wa cittar kudancin Kaduna a 2023 ta ruɓar da ita a cikin ƙasa. Mama, uwar gidan, ta ce a waccan shekarar awakinta ne suka biya kuɗin makarantar yara. Tun daga nan babu mai taka ganyen gyaɗa da ganganci a gidan.

Wanda ya tashi a Kano ko Katsina zai ɗauka haɗa harawa abu ne mai sauƙi, domin a can ruwa na ɗaukewa da wuri, rana ta yi sauran aikin. A nan damina kan kai ƙarshen Oktoba, raɓa kuma ta yi nauyi. In an tuge gyaɗa aka bar ganyen a ƙasa, ruwa ɗaya ya isa ya baƙanta shi, ya yi fumfuna, akuya ta shinshina ta kau da kai. In kuma aka bar shi ya sha rana fiye da kima, ganyen ya kakkaɓe, a tashi da tsinke. Tsakanin waɗannan biyun gwanintar take.

Baba, mai gidan, ya tashe ni da asuba. "Ɗana, taso mu ɗaure kafin rana ta fito," in ji shi. Da sanyin safiya ganyen yana da laushi, ba ya zubewa in an naɗe shi. Na ga yadda yake tattaro rassan da hannu biyu, ya dunƙule, ya danne da gwiwa, ya ɗaure da igiyar rama. Yara na kwasa a ka zuwa gida. Babban ɗansa yana saman wata ɗorawa yana karɓa da gora, yana jerawa a tsakanin rassa, inda gara da awakin maƙwabta ba za su kai ba. Harawar wake daban ake ajiye ta a kan rumfa, don ta fi daraja. Ita ake ba akuya mai shayarwa da ragon da aka turke. Kyasuwa kuwa da lauje ake yanko ta tun tana da sauran ɗanyenta, a shanya a inuwa ta zama ingirici.

Da yamma aka kawo tuwon acca, hira ta kai mu ga Fulani. Baba ya ce a da, da zarar an kwashe amfani, makiyayi kan zo ya nemi izini, shanu su ci kara su kwana a gonar, su bar taki. Babu mai biyan wani. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ambaci 2016, shekarar da aka zubar da jini a yankin Godogodo, nan kusa da su. Bai zagi kowa ba. Cewa ya yi yanzu kowa na kwashe karansa da harawarsa, gona kuma tana kwana babu taki, buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka. A ganina ɓangarorin biyu duk sun yi asara, kuma abin ya tsaya mini a rai. Kudancin Kaduna ya taɓa zama wurin gwajin mafita: a shekarun 1980 cibiyar binciken dabbobi ta ILCA ta yi aiki da makiyaya a Abet da Kurmin Biri, ana killace fili a shuka ciyawar sitailo don shanu su samu abinci da rani.

Abin da ya fi tayar wa Mama hankali shi ne wuta. Da hunturu ya kankama, samari kan cinna wa daji wuta don farautar gafiya, iska ta kwashe ta har bakin gidaje. Shi ya sa kafin na tafi muka ɗauki fartanya muka share kewayen ɗorawar tas, muka bar ƙasa tsirara.

A hanyar komawa Kafanchan na riƙa ganin hayaƙi yana tashi daga gangaren duwatsu, alhali wasu ko wakensu ba su gama roro ba. Ina roƙon hakimai da dagatai, da limamai da fastoci na ƙasar Jama'a, su tsawata wa masu ƙona daji tun kafin Disamba. Malaman gona kuma su shiga ƙauyuka tun watan Oktoba, lokacin da ake fara tugar gyaɗa, su nuna wa matasa yadda ake busar da harawa da adana ta.