Gombe A Idon Mai Ɗaukar Hoto: Daga Pantami Zuwa Burmi

Matafiyin da ya taso daga Bauchi da hantsi, ya haye gadar kogin Gongola a Dindima, ya wuce Alkaleri, ba zai ga garin Gombe ba sai ya zo gab da shi. Tafiyar kamar mil 100 ce, galibinta cikin gonaki da daji. Sai ya kai Tumfure hanya za ta fara gangara da shi, sa'an nan garin ya bayyana a ƙasa gaba ɗaya kamar an juye shi cikin akushi, rufin kwano yana walƙiya, tuddai sun kewaye shi. A nan ne duk mai riƙe da kyamara zai so a ɗan tsaya masa, amma direban motar haya bai san da wannan zance ba, shi dai tasha yake hange.

Akwai wani abu game da Gombe wanda ba kowa ke lura da shi ba, watau garin ƙanen kyamara ne. Masarautar kam tsohuwa ce, Modibbo Buba Yero ne ya kafa ta zamanin jihadi, bayan ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Amma fadarsa a Gombe Abba take, can gefen Gongola. Turawa ne suka sa aka tashi daga can zuwa Nafaɗa, daga bisani kuma cikin 1919 aka komo wannan wuri da ake kira Gombe Doma. Ita kuwa sana'ar ɗaukar hoto an bayyana ta ga duniya a Faransa tun 1839. Ke nan ranar da aka soma ginin fadar Sarki a nan, kyamara ta riga ta shekara 80. Kano da Katsina ba wanda zai iya nuna hoton ƙuruciyarsu, amma Gombe duk tasowarta a gaban kyamara aka yi ta: zuwan injin gurzar auduga wanda har yau akwai unguwa mai sunan kamfaninsa, BCGA, da isowar jirgin ƙasa cikin 1963, da ran 1 ga Oktoba 1996 da aka cire ta daga Jihar Bauchi ta zama babban birnin jiha. Abin tambaya shi ne ina hotunan suke, kuma a hannun wa.

Pantami ɗaya ce daga mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Gombe, ƙawar su Bolari da Jekadafari da Herwagana da Kumbiya-Kumbiya. Unguwa ce ta malamai da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, cike take maƙil, lungu na bin lungu. Mutanen nesa sun san sunanta ta hanya biyu. Wasu ta bakin Shaihu Isa Ali Pantami, wanda ya riƙe ministan sadarwa daga 2019 zuwa 2023, wasu kuma ta babban filin wasa da aka gina zamanin Gwamna Danjuma Goje, inda ƙungiyar Gombe United ta sha karɓar baƙi, inda kuma akan yi manyan tarurrukan jiha. Ranar taro a wannan fili ita ce kasuwar masu hoto. Za ka gan su da kyamara rataye a wuya suna kutsawa tsakanin manyan riguna, su ɗauki mutum bai ankara ba, kafin a tashi sun wanko sun baza a ƙasa bakin ƙofa, kowa ya zo ya nemi fuskarsa ya biya. Wanda bai saya ba, hotonsa ya kwana a hannun mai hoto, kuma da yawa irin waɗannan ne ke zama tarihi daga baya, don ba a shirya musu ba.

A Ingila da Amurka masu sha'awar hoto suna da ƙungiyoyi a kusan kowane gari, ɗaya daga cikin mafi daɗewarsu ita ce wadda aka kafa a London cikin 1853. Sukan haɗu da dare a wani zaure, likita da kafinta da malamin makaranta, ba don neman kuɗi ba. Babban abin da ke tara su shi ne daren da wani ya dawo daga tafiya. Sai a kashe fitila, a kafa farin allo, ya jera 'yan hotunansa na fim, kowanne cikin firam na kwali, a faifan injin Kodak mai cin guda 80, yana haskawa ɗaya bayan ɗaya yana ba da labari. In ya gama a yi masa tambayoyi, wani ya ce ka sa rana a gabanka, wani ya ce ka sare ƙafar raƙumi. Wani lokaci a gayyato alƙali daga wata ƙungiya ya zaɓi gwani. Fim ɗin da suka fi so, Kodachrome, ba ya wankuwa a shago, sai an aika da shi ta gidan waya zuwa kamfani a jira makonni. An daina yin injin cikin 2004, fim ɗin kuma cikin 2009, amma ba a daina taruwa ba, kwamfuta ce ta karɓi aikin.

To, mutumin Arewa ba baƙo ba ne ga kallon hoto a bango cikin duhu. Kalmar majigi ma daga sunan wata tsohuwar fitilar Turawa ta haska hotuna aka aro ta. Dattawan da suka yi wayo kafin samun mulkin kai da bayansa suna tuna motar ma'aikatar watsa labarai da kan shigo gari da la'asar, yara na bin ta a guje, a kafa allo a ƙofar fada ko filin makaranta, bayan sallar isha'i a fara. Mai bayani yana riƙe da lasifika yana fassarawa, yana ƙarawa da nasa gishirin. A nuna Baban Larai don koya wa manoma gyaran noma, a nuna hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna cikin 1956, a nuna Sardauna yana sauka daga jirgin sama a ƙasashen Larabawa. Mutane da yawa a nan suka fara ganin teku. Sai dai majigi na gwamnati ne, ita ke zaɓen abin da za a gani, mai kallo ba shi da bakin cewa ka sare ƙafar raƙumi.

Wurin da talaka ke da baki shi ne majalisa, watau dakalin ƙofar gida ko inuwar dalbejiya inda abokai ke zama bayan la'asar. A Pantami, kamar sauran unguwannin Gombe, nan ne matafiyi ke sauke labarinsa. Mafi girman tafiya kuwa ita ce ta Makka. Alhajin da ya dawo a shekarun baya yakan zo da tsaraba iri uku: dabino, da ruwan zamzam, da hoto. Hoton nan sau da yawa a shago aka ɗauke shi, gaban labule mai zanen Ka'aba ko koren ƙubbar Madina, Alhaji ya sha rawani irin na Larabawa, ya ɗaga hannu yana addu'a. Akwai kuma 'yar na'urar roba da ake kawo wa yara, a kanga a ido a danna, wuraren ibada su riƙa wucewa. Hoton zai zaga majalisa hannu zuwa hannu, ya shiga cikin gida wurin mata, ya fito da alamar manja a gefe, sa'an nan a sa shi a gilashi a rataye a zaure. Yanzu alhazan jihar daga filin jirgin sama na Lawanti suke tashi, kuma kafin su gama ɗawafi hotonsu ya iso Pantami ta waya. Gani ya kori ji, amma wani abu ya ragu: hoton da ya riga mai shi isowa gida ba ya zuwa da labari.

Duk wanda ya fita daga Pantami da kyamara don ya zagaya jihar, ya kamata ya fara da arewa, hanyar Bajoga. Zai wuce gonakin dawa da wake, ya hango hayaƙin kamfanin siminti na Ashaka, sa'an nan ya ratse zuwa Burmi. Ba wani gini mai ɗaukar ido a wurin. Fili ne, da itatuwa, da alamun tsohuwar ganuwa, da kaburbura. Amma a tarihin hoto a ƙasar Hausa da wuya a sami wurin da ya fi shi nauyi.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato cikin Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi hijira ya nufi gabas da niyyar Makka. Jama'a suka riƙa barin gonakinsu suna bin sa, sarakuna da malamai da talakawa, har abin ya tsorata Turawa. Ya sauka Burmi, garin da Malam Jibrilla Gaini ya ƙarfafa kafin a kama shi a kai shi Lokoja. Karon farko cikin Mayu mutanen garin suka kori sojan Turawa. Ran 27 ga Yuli aka komo da igwa, aka wuni ana yaƙi, Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, shi ma Manjo Marsh da ya jagoranci Turawa ya faɗi, kabarinsa na nan ba nisa. Ɗan Sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya tsira da sauran jama'a, suka ci gaba har bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin da suka kafa ke amsa sunansa har yau. Masu tarihi sun ruwaito cewa bayan yaƙin an ɗauki hoton gawar Sarkin Musulmi aka yi ta nunawa a garuruwan Arewa, don kada wani ya ce yana nan da rai ya sake tashi. Watau ɗaya daga cikin hotunan farko da aka ɗauka a ƙasar Gombe, makami ne. Saurayin da ya tsaya a wannan fili yau da wayarsa, ya kyautu ya san haka kafin ya danna, ya kuma nemi iznin masu kula da wurin, ya yi addu'a tukuna.

Sauran hanyoyin sun fi sauƙi a zuciya. Ta gabas, kan hanyar Biu, akwai madatsar ruwa ta Dadin Kowa da dutsen Bima a bayanta. Masunta kan fito da kwalekwale da asuba, kuma a wannan sa'a kaɗai ruwan ke ba da launinsa, da rana ta take sai ya koma fari fat kamar faranti. Ta kudu kuwa, bayan Kumo da Billiri, dutsen Tangale zai tsaya wa matafiyi a gaba kamar tulluwar rumbu, daga Kaltungo kuma hanya ta nannaɗe ta hau tudun Tula, inda manoma ke jera duwatsu hawa hawa a jikin gangare don kada ruwa ya kwashe musu ƙasa, inda kuma tsohon gidan yarin Turawa yake. Lokacin hunturu ƙura kan shafe duwatsun nan sarai, mai son su fito sai ya jira bayan ruwan farko ko ƙarshen damina. Mata a rijiya ko a gona kuwa ba a ɗaukar su sai da yardarsu da ta mazansu. Baƙo ya yi sallama, ya faɗi abin da ya kawo shi, in an ce a'a ya mayar da kyamararsa jaka.

Cewa ɗan gida na iya canja yadda duniya ke kallon garinsu, maƙwabta sun riga sun nuna. Lokacin da sunan Maiduguri ya zama ba a jin sa sai tare da labarin bom, wata 'yar garin, Fati Abubakar, ta ɗauki kyamara cikin 2015 ta shiga kasuwanni da makarantu da gidajen biki, tana sa hotunan a Instagram da sunan Bits of Borno, har manyan jaridun ƙasashen waje suka ɗauka. A Bamako ta ƙasar Mali kuma, Malick Sidibé mai shagon hoto ne na unguwa kawai, yana ɗaukar samari da 'yan mata a wurin rawa. Abin da ya bambanta shi da dubban irinsa shi ne ya adana finafinansa cikin kwalaye, da kwanan wata a jiki. Kafin rasuwarsa cikin 2016 gidajen tarihi na Turai da Amurka suna rububin su.

Nan ne maganar ke komowa Pantami. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya cikin 2001, daga baya kuma ta zo da kyamara a jikinta, shagunan hoto na unguwa suka koma dogaro da hoton fasfo da na biki. Tsofaffin masu sana'ar, waɗanda suka yi aiki da fim mai cin 36, suka wanke da hannunsu cikin ɗaki mai jar fitila, suna ta raguwa. In ɗayansu ya rasu, magada kan raba kyamara da benci, amma buhun tsofaffin finafinai ba mai so, sai gara da zafi da yoyon damina su gaje shi. Cikin buhunan nan akwai hawan salla na zamanin Sarki Shehu Usman Abubakar, wanda ya yi mulki daga 1984 zuwa 2014, akwai layin motocin auduga, da tashar jirgin ƙasa tana cike da fasinja. Akwai kuma gidajen da babu su yanzu, don Gombe gari ne da zaizayar ƙasa ke ci, kowace damina kwari na ƙara faɗi yana haɗiye katanga da ɗaki. Iyalin da ruwa ya cinye musu gida, wani lokaci hoton suna da aka ɗauka a tsakar gidan shi kaɗai ne shaidar inda aka haife su.

Kayan da taron masu hoto ke bukata duk akwai su a unguwar. Aji ɗaya na makarantar firamare bayan an tashi, da farin bango, da injin majigi irin na zamani wanda ake haya don bukukuwa, da ɗan janareta saboda halin wutar lantarki. Ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe da na Kashere da ke yawo da kyamara su kawo na Tula da Dadin Kowa, tsohon mai shago ya kawo buhunsa. Dattijon da zai dubi bango ya ce wannan wane ne, ɗan wane, a shekarar da aka yi fari, yana nan zaune a dakali bayan la'asar, carbi a hannu. Shi ne ya fi gaggawa, don yawancin hotunan nan ba a rubuta kome a bayansu ba.