Mai Ƙidayar Awakin Dutse

A tsakiyar ƙasar Italiya, cikin duwatsun Afenin, akwai wani gandun daji na hukuma da ake kira Abruzo, wanda aka kafa a 1922. A can ne wani dattijo ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin gadi, kuma babu abin da ya fi ɗauka da muhimmanci a aikin nan kamar ranar ƙidaya. Tun kafin gari ya waye yakan rataya madubin hangen nesa, ya sa ɗan littafi a aljihu, ya hau zuwa Val di Rose, inda itatuwa suke ƙarewa, sai ciyawa da tsagwaron dutse.

Dabbar da yake ƙidayawa ita ce Italiyawa suke kira kamosho, Faransawa kuwa su ce shamwa. Kada mai karatu ya rikita ta da shamuwa, tsuntsuwar damina. Wannan dangin akuya ce, nauyinta wajen kilo 30, kuma namiji da tamata duk suna da ƙaho baƙi siriri wanda bakinsa ya lanƙwashe baya kamar ƙugiya. Mata da ƙanana su ne suke tafiya garke guda, manyan maza kuwa kowa ya kama gabansa, sai lokacin barbara a watan Nuwamba. Idan ɗaya ta ga abin tsoro sai ta yi wani irin fito ta buga ƙafa, nan da nan garken ya haye inda kyarkeci ba ya iya taka ƙafarsa.

Irin da ke Afenin babu shi a ko'ina a duniya sai nan. Farauta ta kusa ƙare shi, har aka yi dokar hana kashe shi a 1913, sa'an nan wani mutumin yankin, Erminio Sipari, ya tsaya tsayin daka aka kafa gandun. Duk da haka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin da ya rage bai kai 50 ba. Saboda haka lokacin da dattijon nan ya kama aiki, darasin da magabatansa suka ba shi guda ɗaya ne, watau abokin gābar dabbar nan shi ne mai bindiga. Ya kuwa riƙe darasin. Ya sha kwana cikin dusar ƙanƙara yana fakon ɓarayin farauta, garke kuwa ya yi ta ƙaruwa.

Sai masana suka yi tunani cewa ba hikima ba ce a bar iri ɗungum a kan dutse ɗaya, domin annoba guda tana iya share shi. Aka shiga kama waɗansu ta hanyar harbi da allurar barci, ana kai su sababbin wurare: Mayella a 1991, Gran Sasso a 1992, Sibillini a 2008, Sirente-Velino a 2013. Dattijon ya taɓa riƙe kan wata uwa, an rufe mata ido, yana jin bugun zuciyarta a tafin hannunsa, yana tsoron kada ta mutu kafin a isa. Ba ta mutu ba. Yau jimillarsu a duwatsun nan biyar ta haura 3,000, kuma ana ba da labarinsu a matsayin babbar nasara.

To, amma ashe da sauran rina a kaba. Mai ƙidaya na gaskiya ba jimilla kaɗai yake rubutawa ba. Yakan raba shafi gida-gida: iyaye mata nawa, 'ya'yan bana nawa, 'yan shekara ɗaya nawa. A gida na ukun nan ne dattijon ya fara ganin giɓi. Ana haihuwa a watan Mayu da Yuni kamar kullum, ɗa ɗaya ga kowace uwa, amma idan shekara ta zagayo sai a ga da yawa ba su ƙetare hunturu ba. Babu harsashi, babu tarko, babu wanda za a kama.

Binciken masana, musamman Farfesa Sandro Lovari na Jami'ar Siena da abokan aikinsa, shi ya nuna inda gizo yake saƙa. Tun daga 1972 aka dawo da babbar barewar Turai mai rassan ƙaho cikin gandun, da kyakkyawar niyya, domin a mayar da dajin yadda yake a da, kyarkeci kuma ya sami abinci. Barewar ta yaɗu, ta hau har makiyayar sama, tana cinye ciyawa tana tattake saura. Daɗin daɗawa, zafi yana ƙaruwa, ciyawa mai laushi da ƙarfin gina jiki tana bushewa da wuri. Uwar da ba ta ƙoshi ba nononta ba ya isa, ɗan da bai yi ƙiba da kaka ba kuwa, sanyi ne zai ɗauke shi. Ga shi kuma duk zuriyar daga 'yan tsirarun nan ta fito, jininsu kusan ɗaya ne, saboda haka cutar da ta kama ɗaya tana iya kama duka. Garken da ya ba sauran duwatsu iri, shi ne ya koma abin damuwa.

Wannan ya dami dattijon ƙwarai, domin dukan ƙwarewarsa ta kama ɓarawo ce, ga shi kuwa ba a ɗaure barewa, ba a kai zafin rana gaban alƙali. Da farko ya ɗauka aikinsa ya tashi a banza. Daga baya ya gane cewa ba don irin ɗan littafinsa ba, da na sauran masu gadi, waɗanda aka cika shekara da shekaru, da ba wanda zai san ana asara, tunda jimillar ƙasa baki ɗaya hawa take yi.

Yanzu gwiwa ta hana shi hawa. Amma duk saurayin da zai tafi ƙidaya, dattijon yakan raka shi har bakin hanya, ya ce masa, "Yaro, kada yawan garke ya ruɗe ka. Ka nemo mini 'ya'yan bara, ka ƙirga su sau biyu."