Faɗin taya da ramukan Legas



Datsun 240Z ɗina ƙirar 1972 ce, daga kamfani ta zo da wili inci 14 da siririyar taya. Watan jiya na shiga Ladipo na sayo wili inci 15 mai faɗin inci 7, na ɗora masa taya 205. A kwana kam ta kama ƙasa, ba zamewa. To amma sitiyarinta ba mai fawa ba ne, a gosulo sai kafaɗa ta gaya maka. Ga shi in na faɗa rami tayar baya tana gogar bakin bodi.

Mai gyaran bodi ya ce a yanka. Na ce a'a Malam, ƙarfen da ya haura shekara 50 ba a shago ake samunsa ba. Na sauko 195.