Mutanen da Suka Ba Mu Alhamis Ɗinsu

Mu ne ɗaliban ajin ƙarshe da ake tsokana da sunan "'yan mutum-mutumi" a wannan madarasa. An ba mu shafi a littafin bana mu faɗi abin da muka yi. Da muka zauna shawara sai muka ga ai duk wanda ya zo walima ya ga abin da muka ƙera da idonsa. Abin da bai gani ba su ne mutane uku da suka zauna da mu kusan shekara biyu, babu albashi, babu ko kuɗin man babur. Labarinsu za mu bayar. Sun hana mu ambaton sunayensu, saboda haka za mu kira su yadda muke kiransu a tsakaninmu.

Na farko shi ne Yaya Injiniya. A nan ya yi haddarsa, a kan tabarmin da muke zama, kafin ya wuce boko har ya gama babbar makarantar injiniyoyi ta Marwa, aiki ya dawo da shi Garwa. Wata rana ya zo da ƙaramin kwali a hammata, ya durƙusa gaban Malam Babba ya ce, "Allah gafarta Malam, yara nake roƙo a ba ni ranar Alhamis, daga la'asar zuwa magariba." Malam ya buɗe kwalin, ya ga wayoyi da wani ɗan faranti shuɗi da bai kai tafin hannu ba, ya tambayi amfaninsa. Yaya ya ce sunansa Arduino, a Italiya aka fara yinsa a 2005 domin ɗalibai, kuma shi ne ƙwaƙwalwar da ake rubuta wa umarni ta sarrafa na'ura.

Maganar ba ta wuce da sauƙi ba. Mahaifin ɗayanmu ya zo har zaure ya ce shi karatu ya kawo ɗansa, bai kawo shi sassaƙa gumaka ba. Malam Babba ya saurare shi har ya gama, sannan ya gindaya sharaɗi biyu. Ba za a yi wa abin fuska ko siffar wani mai rai ba, kuma duk wanda haddarsa ta yi rauni a bitar ranar Asabar, to ya bar zaman Alhamis sai ya gyara. Mu bakwai muka shiga, maza huɗu, mata uku. Biyu daga cikinmu sun ɗanɗana wannan hukunci, ɗaya har sau biyu, kuma Yaya bai taɓa roƙa masa sassauci ba.

Na biyu shi ne Baba mai rediyo. Dattijo ne da ke da rumfar gyara a babbar kasuwa, bai taɓa zama a ajin boko ba, amma in ya kara rediyo a kunne zai gaya maka abin da ya ƙone a ciki. Duk Alhamis yakan rufe rumfa da wuri, ya bar cinikin yamma, ya hau acaba ya zo da buhun tarkace. A wurinsa muka koyi cewa mataccen abu ba duka yake mutuwa ba. Injin da ke juya ƙafafun na'urarmu daga tsofaffin na'urorin DVD ya cire su. Batura kuma daga cikin batirin wata kwamfutar cinya da aka yar, ya auna su ɗaya bayan ɗaya, ya ware wanda ya yi tsatsa ko ya lotse, ya ce irin wannan yana iya kamawa da wuta. Tayoyin murafen gwangwani ne da muka naɗe da robar tsohon tif na keke. Shi ya koya mana liƙi da dalma. In ɗayanmu ya yi gaggawa sai ya ce, "Ɗana, ba a girgiza waya kafin dalma ta kwanta. Ka bar ta ta huce da kanta." Kusan kowannenmu na da tabon ƙuna a yatsa, Baba kuwa ya ce shi ne kuɗin makarantarsa.

Ta uku ita ce Madam, malamar kimiyya a wata lise ta gari. Ba Musulma ba ce, Hausarta kuma ba ta nuna ba, da Faransanci da Fulatanci muke fahimtar juna. Da ba don ita ba, da 'yan'uwanmu mata uku ba su wuce mako na biyu ba, domin iyaye sun ce ba za su bar 'ya'yansu mata su kai magariba a waje ba. Madam ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ta yafa gyale, ta zauna a tabarma. Goggon ɗaya daga cikinsu ta tambaye ta, "To ke me za ki samu a ciki?" Ta amsa cewa ita ma wani ne ya taɓa zuwa ya roƙi mahaifinta a bar ta ta yi karatu. Ta yi alkawarin za ta riƙa raka su har ƙofar gida kafin kiran salla, kuma ba ta taɓa saɓawa ba, ko a zafin Afirilu da ma'auni ke haura 40.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne rubuta umarnin, domin da Turancin Ingilishi ake yi, mu kuwa Larabci muka fi sani. Sai Yaya ya ɗauko alli ya ce, "Kun karanta Ajurrumiyya ko? To me ake nufi da sharaɗi da jawabinsa?" Muka faɗa masa. Ya ce shi ke nan, rabin aikin ke nan. Idan idon hagu ya ga baƙi, to a juya hagu. Idan na dama ya gani, to a juya dama. In ba haka ba, a miƙe. Wallahi ranar muka fara kallon nahawu da wani ido. Shi kuma Malam Babba, da ya ga abin ya kankama, sai ya ba mu labarin Khuwarizmi na Bagadaza, wanda daga sunansa Turawa suka samo kalmar da suke kiran jerin matakan lissafi da ita, kuma wani babban yanki na littafinsa na aljabara a kan wasiyya da rabon gado yake. Ya kuma ambaci Isma'il al-Jazari, wanda ya kammala littafinsa na na'urori 50 a shekarar 1206 miladiyya, har da na zuba ruwan wanke hannu.

Na'urarmu ta farko 'yar mota ce mai bin baƙin layi. Ƙananan yara suka raɗa mata suna Kunkuru saboda nawarta. Idanunta biyu suna harba wani haske da idon mutum ba ya gani. Farin wuri yana mayar da hasken, baƙi yana shanye shi, da haka take gane inda layi yake. A cikin aji ba ta taɓa kuskure ba. Da aka shirya wata 'yar gasa tsakanin makarantu, muka tafi da ƙarfin gwiwarmu, ashe a fili za a yi, cikin rana. Ana ajiye Kunkuru sai ta bar layi ta nufi ƙafafun 'yan kallo. Aka yi ta dariya, wani har ya ce almajirai sun kawo abin da ba a tofa masa ba.

Muka ruga wurin Yaya. Sai muka tarar ya haɗe hannayensa a baya, ya ce, "Ni ba ɗan gasa ba ne. Me ya bambanta nan da ajinku?" Kai, ranar mun ji haushinsa ƙwarai! Ga wata ƙungiya a gefenmu, babbansu ya karɓe kwamfuta yana gyara musu da kansa. Muka koma ƙarƙashin wata darbejiya muna gunaguni. Ƙaramar cikinmu ta ajiye Kunkuru a kan allon gwaji a wannan inuwar, sai ga ta tana bin layi tiryan-tiryan. Madam ta tambaye ta, "Me ke cikin rana da babu shi a inuwa?" Nan muka gane cewa rana ma tana ɗauke da irin wannan ɓoyayyen haske, ita ce ta makantar da idanun. Muka yanka kwalin sukari muka yi musu rumfa. A zagaye na biyu Kunkuru ta kai ƙarshen layi. Ba mu zo na ɗaya ba, ba mu zo na biyu ba.

A hanyar dawowa Yaya ya ce, "Da na sa hannu, da ni na gyara, ku kuma kun koma gida yadda kuka zo. Malam kan rubuta wa yaro allo a farko, amma akwai ranar da dole ya miƙa masa alƙalami." Sai yanzu da muka fara koya wa ƙannenmu muka san wahalar wannan riƙe hannu. Ka ga yaro yana juya waya a baibai, hannunka na ƙaiƙayi, amma ka daure.

Sau ɗaya tak aka hana mu taɓawa. Tankin alwalarmu ya daɗe yana ambaliya, domin in an kunna famfo a kan mance har ruwa ya malale tsakar gida. Muka ɗora masa wata 'yar na'ura a murfi, tana aika sautin da kunne ba ya ji, kamar yadda jemage ke yi, tana lissafa lokacin da amsa-kuwwa ta dawo. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, in ka raba tafiyar biyu ka san nisan ruwa daga murfi. In ya cika sai ta kashe famfo. Da aka zo haɗa ta da babbar wutar gida, Baba ya ce kowa ya ja baya. "Wannan wutar ba ta san ɗalibi ba," in ji shi. Shi ya haɗa, mu muka riƙe masa tocila. Tun daga ranar ruwa bai sake zuba ba.

Madam ta sha nuna mana cewa a ko'ina haka abin yake. A watan Yulin 2017 aka fara gasar FIRST Global a Washinton ta Amurka, ƙasashe sama da 150 suka halarta. 'Yan mata shida daga Herat ta Afganistan an hana su biza har sau biyu kafin daga baya a bar su su shiga, suka dawo da lambar azurfa ta jajircewa. Bayansu akwai wata 'yar kasuwa mai suna Roya Mahboob da ta tara su ta tsaya musu. A Senegal, Sidy Ndao, wanda a lokacin malamin jami'a ne a Amurka, shi ya kafa gasar PARC domin ɗaliban Afirka. A nan Kamaru ma, Arthur Zang da ya ƙirƙiro Cardiopad, na'urar auna bugun zuciya da ta samo masa lambar Rolex a 2014, ya samu jagora a wurin likitan zuciya Farfesa Samuel Kingue a Yawunde.

Ga dalilin da ya sa muka rubuta wannan. An yi wa Yaya canjin wurin aiki zuwa Ngaundere, bayan damina zai tafi. Baba idonsa ya fara rauni, yanzu sai an riƙe masa gilashi yake ganin ƙananan wayoyi. Mu kuma mun sauke, wasunmu za su bar gari neman ƙarin karatu. Amma ƙannenmu 12 sun riga sun rubuta sunayensu a takardar da ke bangon aji. Uku daga cikinmu da za su zauna a Garwa sun ɗauki alkawarin zama da su, sai dai saninmu kaɗan ne, kuma Madam ita kaɗai ba za ta iya ba.

Iyayenmu da yayyenmu da ke karanta wannan littafi, Garwa ba ta rasa masu sani ba. Tun 2022 muna da jami'a. Akwai ma'aikatan Sodecoton, akwai masu aiki a madatsar Lagdo, akwai kanikawa da masu walda da masu gyaran waya a kowace unguwa daga Hausare har Rumde Ajiya. Ba kuɗi muka zo roƙo ba, kwalin kayan yana nan a ofishin Malam Babba. Wanda zai iya ba da yammacin Alhamis, daga la'asar zuwa magariba, ya zo ya same shi bayan sallar Juma'a.

Allah Ya saka wa Yaya da Baba da Madam da mafificin alheri, Ya ƙara wa malamanmu lafiya da haƙuri da mu, Ya sa abin da muka koya ya amfani jama'a.