Hanyar Kano Zuwa Zariya, Kafin a Raba Ta Biyu

Mahaifina direban haya ne. Ya fara da babbar mota mai bodin katako, daga baya ya koma Fijo 504, irin waɗanda kamfanin haɗa motoci na Kaduna ya cika ƙasar nan da su, yana jigila tsakanin Kano da Zariya. Don haka mu a gidanmu ba a rediyo muke jin labarin haɗari ba. A wurin cin tuwon dare yake iske mu, da sunan direban da sunan garin da abin ya faru.

Ina ɗan firamare lokacin da Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama, ranar 2 ga Afrilu, 1972. Baba ya sha faɗa cewa bai taɓa ganin direbobi sun natsu kamar a makon nan ba, saboda kowa a tsorace yake. Da hannu ya saba, sai gudu ya dawo.

Hanyar a lokacin falle ɗaya ce, siririya, mai tafiya da mai dawowa suna goga kafaɗa. Babban abin tsoro shi ne taho-mu-gama: ka fito shan gaban tirela a kan tudu ko a kwana, sai ga wata ta ɓullo, babu wurin kaucewa. Baba ya haddace hanyar nan, daga Kura zuwa Ciromawa, Kwanar Ɗangora har Tashar Yari. Ya san gadar da ba ta ɗaukar mota biyu, da inda shanu ke tsallakawa da almuru, da garin da kasuwarsa ke cin titi, da ranar da take ci. Idan ya ɗauki sabon yaron mota, kafin ya bar shi ya taɓa sitiyari sai ya haddace waɗannan wurare.

Abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne maganar haɗari iri biyu ce a wurinsu. A zaman makoki, da rana, sai ka ji: "Kwana ne ya ƙare, Allah ya jiƙansa." Gaskiya ne kuwa, na yi imani da haka. Amma da dare, idan abokan Baba suka taru a ƙofar gida, ina kawo musu ruwa, sai in ji wani ya rage murya ya ce: "Malam, ai tayar gaban nan ta suɗe, mun gaya masa." Wani ya ce kwana biyu mutumin bai runtsa ba, da goro kawai yake korar barci. Sun san dalili sarai. Sai dai kunya da kara sun hana maganar dare ta fito da rana, balle a rubuta ta, balle ta isa ga mai iya gyara gada.

Sai da na girma na gane cewa abin da masu bincike ke yi ke nan: su tattara maganar daren nan, su sa alama a taswira duk inda aka yi haɗari, su ga inda alamun suka taru, su tambayi abin da ke wurin. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma a zamanin mulkin Babangida aka mai da hanyarmu tagwaye. Direbobin su ne dai na jiya, da gaggawarsu da gyangyaɗinsu, amma labarin taho-mu-gama ya yi ƙaranci a gidanmu. A kan irin wannan tunani majalisar Siwidin ta kafa manufarta ta kiyaye haɗurran hanya a 1997: ɗan Adam ba zai daina kuskure ba, saboda haka a gina hanyar da kuskurensa ba zai kai shi kabari ba. Da aka fara sake gina hanyarmu a 2018, aka riƙa tura motoci hannu ɗaya, tsohon labarin ya dawo.

Bel kuwa, Fijon Baba tana da shi, amma a cuse yake a bayan kujera. Wani injiniyan Volvo, Nils Bohlin, ya ƙera irin wanda ake amfani da shi a motoci yau tun 1959, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage yiwuwar mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi. Mu sai a 2003 aka fara tilasta ɗaura shi. Idan na tuna abokan Baba da sitiyari ya daki ƙirjinsu, ko gilashi ya yi jifa da su, nakan yi shiru.

Akwai kuma ceto. Mutanen ƙauyukan bakin hanya ba su da ƙyashin taimako, da gudu suke fitowa. Sai dai a ciccibi mutum ta hannu da ƙafa, wuya yana lilo, a ɗura masa ruwa, a jefa shi bayan a-kori-kura. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa mai karaya a wuya ko gadon baya, ɗaukar na iya shanye masa jiki har abada. Wani maƙwabcinmu haka ya ƙare rayuwarsa a kwance.

Tagwayen hanya ma ta zo da nata. Mota ta sami sarari, gudu ya ƙaru, alhali makaranta na wannan hannu, gidaje na wancan. Bincike ya nuna cewa idan gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, yiwuwar mutuwar mai tafiya a ƙasa da ta buge tana ninkuwa fiye da sau huɗu. Motocin da ke ratsa waɗannan garuruwa sun fi ƙarfin 65 nesa ba kusa ba, kuma yara masu tallar gyaɗa da rake suna tsakiyar titi tun safe har magariba.