Bazara a Miga: Ɗakin da Na Gina wa Inna

Tsofaffin direbobi suna da wata ƙa'ida a ƙasar Jigawa: idan Afrilu ya kama, tafiyar da ba a fara ta da sanyin safiya ba, a haƙura da ita sai la'asar sakaliya. Na san wannan ƙa'ida tun ina yaro, amma ranar Asabar ɗin da na shirya zuwa Miga gaida mahaifiyata, duba takardun ɗalibai ya riƙe ni a Dutse har ƙarfe goma sha ɗaya. Kafin in kai Kiyawa sitiyarin mota ya ɗau zafin da sai da na naɗe hannuna da hankici. Kwalta tana ta kawalwalniya, iskar da ke shigowa ta taga kuwa kamar daga bakin maƙera take fitowa. Daga Jahun zuwa Miga da ƙyar na ga mutum a sarari. Duk wani mai rai, daga ɗan Adam har akuya, ya lafe a gindin bishiya yana jiran rana ta karya.

Wannan zafi yana da dalili. Ƙasar Miga tana wajen digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka wajejen ƙarshen Afrilu rana takan tsaya daidai tsakar ka, har mutum ya taka inuwarsa da azahar. Hazon hunturu da ke rage mata kaifi ya riga ya wuce, gizagizan damina ba su iso ba, ƙasa ta bushe babu danshin da zai sha zafin. Ma'aunin zafi ya haura 40 a irin wannan lokaci ba labari ba ne a wurinmu.

Shekara uku da suka wuce, da na ɗan samu sarari, na gina wa Inna ɗaki ciki da falo a gidanmu: bulo da siminti, rufin kwano mai sheƙi, ƙofar ƙarfe, taga ɗaya mai gilashi. Ranar da ta tare 'yan uwa suka yi ta sa albarka, ni kuma na koma Dutse ina jin na fita kunyar uwa. Tsohon soron marigayi mahaifinmu, wanda ke kusurwar gidan, har na yi shawarar a rushe shi, Inna ta ce a bar mata ta riƙa ajiyar tarkace.

Da na yi sallama a wannan rana, sai na tarar da sabon ɗaki a buɗe. Ciki buhunan gero ne da albasa a baje a kan siminti. Muryar Inna kuwa daga cikin tsohon soro ta amsa mini. Na sunkuya na shiga, na same ta a kan tabarma da mafici a hannu. Bayan mun gaisa, ta miƙo mini moɗa cike da ruwan randa, na shanye, sannan na ce:

"Inna, ɗakin da na gina miki fa?"

Ta ce, "Yana nan, Allah Ya yi maka albarka. Da sanyi nake shigarsa. Yanzu kuwa ko kaza ka rufe a ciki, kafin la'asar ta gasu."

Na yi dariya. Da dare ne ƙanwata ta ja ni gefe ta gaya mini abin da suka ɓoye mini. A azumin 2024 Inna ta ƙi barin sabon ɗakin, don kada a ce ta raina abin da ɗanta ya yi mata. Wata rana bayan azahar aka same ta kwance tana magana ba kan gado, jikinta zafi rau, babu ɗigon gumi. Suka yayyafa mata ruwa, suka kai ta asibiti a bayan babur, aka yi mata ƙarin ruwa. Da ta farfaɗo, abin da ta fara cewa shi ne kada a gaya mini. Kawaici irin na iyaye ya kusa raba ni da ita, a cikin ɗakin da na gina da kuɗina.

Wancan azumi shi ne wanda zafinsa ya gigita yankin Sahel baki ɗaya. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga zafin da ya kai digiri 48.5. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki, a aikin Hajjin shekarar, zafi a Makka ya haura digiri 51, hukumomin Saudiyya kuma suka ce mutane fiye da 1,300 sun rasu. Na karanta waɗannan labarai a lokacinsu, na ma tattauna su da abokan aiki, ban san irinsu ya shigo har tsakar gidanmu ba.

Washegari da rana na tsaya tsakanin ɗakunan biyu na yi abin da ya kamata in yi tun kafin in sayi buhun siminti na farko: na dafa bangon kowanne daga ciki. Bangon bulo da zafi, kwanon da ke sama yana huci, na tsaya minti biyar na jiƙe sharkaf. Bangon soro kuwa da sanyinsa. Kaurinsa ya kai kamu guda, an yi shi da tubali, an rufe shi da azara da ƙasa. Ƙasa mai kauri a hankali take shan zafi. Kafin zafin rana ya ratsa ta ya kai ciki, dare ya yi, mutanen gida sun fito tsakar gida da tabarminsu. Kafin gari ya waye bangon ya huce, ya shirya wa wata ranar. Kwano kuwa nan take yake ɗaukar zafi ya sauke shi a kan wanda ke ƙarƙashinsa, musamman idan rufin gajere ne, babu silin, babu kafar da iska mai zafi za ta fita. Maginin da ya ɗora soron nan bai shiga aji ba, amma ya fi ni sanin garin da yake gini a cikinsa.

Da idona ya buɗe sai na fara ganin irin wannan hikima a ko'ina. Randar Inna tana cikin inuwa, an binne gindinta a cikin yashi mai laima. Ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan kafofin yumɓu, busasshiyar iska tana ɗauke shi, tana tafiya da zafin, abin da ya rage a ciki ya yi sanyi ba tare da wutar lantarki ba. Haka jikinmu ma yake yi da gumi. Shi ya sa kwanakin da suka fi wahala su ne na gab da faɗuwar damina, lokacin da iska ta cika da danshi, gumi ya ƙi bushewa, mutum ya kwana yana juyi.

Sai kuma rabon lokaci. Na bi wani ɗan baffana zuwa gonarsa ta shinkafar rani a fadama, wajen Kogin Hadeja. Da sallar asuba muka fita. Kafin rana ta take ya gama ban ruwa, ya kashe inji, ya kifa malafarsa a ka, ya ce, "Yaya, mu tafi, daga nan kuma aikin rana ne, ba namu ba." Ba ya komawa sai bayan la'asar. Tsakanin nan akwai fura da nono, akwai farau-farau, akwai kunun tsamiya da kankana, akwai ƙailula a zaure. Baƙon da ya ratsa Miga da ƙarfe biyu ya ga maza kwance a rumfa zai iya cewa lalaci ne, alhali sun riga sun yi aikin sa'a biyar tun yana barci. Ko a fiƙihu an san da jinkirta sallar azahar idan zafi ya tsananta.

A hanyar dawowa muka huta a gindin gawo. Ita wannan bishiya tana zubar da ganye da damina ta bar wa shuka haske, ta kuma yi ganye da rani lokacin da mutum da dabba ke neman inuwa. Na tuna a yarintata akwai gawo da tsamiya da kuka a wannan hanya fiye da yadda na gani yanzu. Da yawa sun tafi murhu da buhun gawayi. Wanda ya sare bishiya ya ci kuɗinta a mako guda, masu bin hanyar kuma su biya bashin a kowace bazara.

Ba ina cewa kowa ya koma ɗakin ƙasa ba ne. Mutanen Miga sun fi kowa sanin aibinsa. Garuruwanmu na bakin kogi ne, kuma a ambaliyar 2022 gidajen ƙasa masu yawa sun zube a Jigawa, wasu da mutane a ciki. Soro yana son yaɓe duk shekara, azara ta yi tsada saboda giginya ta yi ƙaranci, magina na gargajiya kuma suna ƙarewa babu magada. Wanda ruwa ya cinye masa ɗaki sau biyu, ba za a zarge shi ba idan ya nemi bulo da kwano. Kuskurenmu shi ne mun ɗauki sabon gini mun watsar da duk abin da tsohon ya sani. Mun magance ruwan Agusta, mun manta da ranar Afrilu.

A birni abin ya fi muni. A Dutse duwatsun da suka ba garin suna sukan kwana suna amayar da zafin da suka sha, kwalta da katangu suna taya su. Tsoron ɓarayi ya hana mutane kwana a waje, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, sai a cunkushe a ɗaki mai taga ɗaya, a daidai lokacin da sanƙarau da baƙon dauro ke yawo. Na'urar sanyaya ɗaki ta mai hali ce. Makarantunmu kuwa, daga firamare har jami'a, jadawalinsu na Afrilu ɗaya yake da na Disamba. Na sha tsayawa gaban aji da ƙarfe biyu na rana ina magana, ɗalibai suna fifita da littattafansu, na san babu abin da ke shiga.

Wasu ƙasashe masu irin zafinmu sun ɗauki lamarin da muhimmanci. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa doka ta hana sa ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:00, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin da ya kashe jama'a a 2010, ya fito da tsarin kare mutane daga zafi a 2013, wanda ya haɗa da gargaɗin jama'a tun kafin ranar ta zo da shirya asibitoci, daga baya aka ƙara da shafa wa rufin gidaje farin fenti. Nan kusa da mu, a ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kere ya gina makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama ya bar tazara iska tana ratsawa. A 2022 ya samu lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fagen zanen gine-gine. Abin da ya yi bai fi ƙarfin magini da kafinta na Jahun ko Miga ba, in da za a nuna musu.

Don haka ina kira ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su fara da abin da ba ya cin kuɗi mai yawa. A sauya lokacin makaranta daga Maris zuwa Mayu, a shiga da wuri a tashi kafin azahar. Duk ajin da za a gina da kuɗin gwamnati a wajabta masa silin, da tagogi masu fuskantar juna, da bishiyoyi a kewaye. Hasashen zafi da hukumar NiMet ke fitarwa a riƙa karanta shi da Hausa da Fulatanci a gidajen rediyo. A kuma koya wa jama'a alamomin bugun zafi: ciwon kai, jiri, ruɗewar magana, fata mai zafi ko da gumi ya ɗauke. Wanda aka gani haka a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita, in yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa, a garzaya da shi asibiti. Tsofaffi da jarirai da masu juna biyu su ne abin ya fi kamawa, tsoho kuma sau da yawa ba ya jin ƙishirwa sai jikinsa ya riga ya bushe.

Ni dai kafin in bar Miga na kira kafinta da magini. Muka yi ciniki za a ɗaga rufin, a sa silin, a fasa taga ta biyu a bangon da ke kallon ta farko, a yi rumfar zana ta yamma inda rana ke dukan bango. Soron kuma za a yi masa yaɓe, a ɗaure gindinsa da siminti kafin ruwa ya sauka. Na sayo dashen darbejiya biyu na sa a ƙofar ɗakin, na ɗora wa 'ya'yan ƙanwata ban ruwansu.

Inna tana zaune tana kallonmu ba ta ce komai ba. Sai da na durƙusa yi mata sallama ta ce, "Wannan karon ka tambayi mutane kafin ka fara. Allah Ya tsare hanya. Kuma kada ka sake tahowa da tsakar rana."

Na kwana, na sallaci asuba, na kama hanya. Ina shiga Dutse rana tana fitowa.