Mai Jego Ma A Tambaye Ta

'Yar'uwa, tuna ranar da kika je barka ta ƙarshe. Na san abin da kika tambaya, domin tambayoyinmu duk iri ɗaya ne: ya jiki, ruwan nono ya zo, cibiya ta faɗi, wa yake yi miki wanka? Mai jego ta ce alhamdu lillahi, a ɗauki jariri a yi masa addu'a, a ajiye sabulu da 'yan kaya, a yi sallama. Tambaya ɗaya ce ba ta cikin jerin, wato yaya zuciyarki? A kanta nake so mu yi magana yau, don akwai lokacin da ni ma na bukaci a yi mini ita.

A haihuwata ta uku ne. Na sauka lafiya, an yi suna an yanka rago, maigidana bai rage ni da komai ba. Da na yi arba'in, gwaggona da ta zo yi mini wanka ta koma gida, ɗaki ya yi tsit, ga zafin bazara ga rashin wuta. Daga nan abin ya fara. Sai in farka ƙarfe uku na dare, jariri yana barcinsa, ni kuwa idona biyu har asuba. Abinci ya daina yi mini daɗi. In shiga banɗaki in yi ta kuka ba tare da na san dalili ba, in wanke fuska in fito. Abin da ya fi tsorata ni shi ne, in ɗauki yaron nan in ba shi nono, amma in ji zuciyata wayam, babu murna babu komai. Sai na riƙa ce wa kaina ni ba uwar kirki ba ce.

Waɗanda suka lura kowa da fassararsa. Wata ta ce, "Ke da Allah Ya ba ki lafiyayyen ɗa, me kuma kike nema?" Wata ta ce iska ce, ta aiko da hayaƙi. Wata ta ce shagwaɓa ce kawai. Haka na yi wata biyu, sai ranar da na kai yaron allurar rigakafi ta mako 14. Wata dattijuwar nas ta gama da shi, ta dube ni ta ce, "Maman yaro, ke fa, kina barci kuwa?" Ban iya ba ta amsa ba sai hawaye. Ita ta haɗa ni da likita, shi kuma ya faɗa mini sunan abin da ke damuna: ciwon damuwa na bayan haihuwa.

Ga abin da na fahimta tun daga lokacin. Yayin da mace take da ciki, wasu sinadarai biyu na jiki, istirojin da furojestaron, suna ƙaruwa sosai. Da zarar mabiyiya ta fita sai su sauka cikin 'yan kwanaki, kuma ƙwaƙwalwa tana jin wannan saukar. Shi ya sa mata da yawa suke samun saurin kuka da saurin fushi daga kwana na biyu ko na uku, daidai lokacin da gida ya cika da 'yan barka ana shirin suna. Wannan ba ciwo ba ne, yakan wuce da kansa kafin mako biyu.

Idan ya haura mako biyu, magana ta canja. Ƙuncin da ba ya yayewa safe da yamma, rashin jin daɗin abin da a da ake so, kasa barci ko da an samu dama, ganin laifin kai, jin cewa yara za su fi jin daɗi in babu ke: waɗannan alamun ciwon damuwa ne, kuma yana iya farawa kowane lokaci a shekarar farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna samun matsalar ƙwaƙwalwa, galibi wannan ciwon, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kusa kashi 20. Ki ƙirga mata biyar da kika je wa barka bana, wataƙila ɗayarsu tana ciki.

Akwai na uku wanda ba ya jira. Mace ɗaya ko biyu cikin 1,000 takan rikice a makonnin farko, ta daina barci gaba ɗaya, ta riƙa sambatu, tana jin muryoyi ko ganin abin da babu. Wannan a kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Haka duk wadda ta ambaci kashe kanta ko cutar da ɗanta, ko da cikin wasa ta faɗa.

Al'adarmu ta jego tana da alheri mai yawa. Kwana arba'in ana ɗauke wa mace girki da wanki, ana dama mata kunu, ana gasa mata nama, ga babbar mace kusa da ita. Hutu da abinci da abokin hira suna cikin manyan abubuwan da ke tsare zuciya. Amma al'adar tana da mayafin da ciwon yake ɓuya a ƙarƙashinsa, wato kunya. Yarinyar da ta yi haihuwar fari, idan ba ta kallon ɗanta, ba ta yi masa wasa, sai a yaba mata a ce tana da kara. Ta yiwu kara ce, ta yiwu kuma ba ta jin komai a ranta ne, tana tsoron faɗa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar mai jego ta sha kwalli da hoda saboda baƙi. Bakinta za ki tambaya.

Kada kuma mu raina ƙananan abubuwan yau da kullum. Barcin da ake yankewa sau huɗu a dare yana sa ko lafiyayyen mutum ƙunci. Jinin da aka zubar wajen haihuwa, in ba a mayar da shi ba, yana kawo kasala da faɗuwar gaba. Ga zaman ɗaki ba a ganin hasken rana, ga waya da ake dannawa tsakar dare ana kallon hotunan sunan wasu, ga habaicin "mace aka sake haifa?", ga bashin hidimar suna. Kowanne shi kaɗai ba ya kayar da mutum, haɗuwarsu ce matsalar.

Maigida, in kana karantawa, nan ne naka aikin. Ka karɓi yaron bayan ya sha nono ta samu barcin awa huɗu a jere. Ka fito da ita tsakar gida da hantsi. Ka tare mata maganganun dangi, don kai za su ji. In ta ce ba ta jin daɗin ranta, kada ka ce mata rashin godiya ne, ka kai ta asibiti.

Ni magani aka ba ni tare da zaman tattaunawa. Akwai magungunan da mai shayarwa take iya sha, likita ne zai zaɓa. Sukan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, kuma ba a yanke su da kai don an ji sauƙi. Ban bar addu'a ba ko kwana ɗaya, kamar yadda mai hawan jini ba ya barin ta don yana shan ƙwaya. Wajen wata na biyu na ji yaron ya yi dariya, ni ma na yi, har cikin raina.

Za ki iya farawa daga asibitin da kika yi awo. In ana bukatar ƙwararru, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, da na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Na san mun mayar da sunayen wuraren nan abin zolaya, kuma wannan zolayar tana cikin abin da ke hana mata zuwa. Likitoci ne kamar na ido da na haƙori.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Barkar da za ki je nan gaba, ki jira ɗakin ya rage mutane, ki matsa kusa da ita ki tambaye ta a hankali. In ta ce lafiya lau, ki dawo bayan arba'in, lokacin da kowa ya watse, ki sake tambaya.